Tukunyar Yashin Maigidana

Da sunan Allah, wanda ya ba ni mutumin nan shekara arba'in da 'yan kai, ya kuma karɓi abinsa a ranar da ya so. Ni ban yi karatu ba. Autata ce take rubutawa, malamar lakkol ce, wato makarantar boko, a nan Diffa, uwar 'ya'ya uku. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki, idan kuka ya zo mini ta ajiye alƙalami ta jira ni.

Maigidana ya rasu da hantsi, farkon kakar bana, yana zaune gindin itacen bedi yana goge gwangwanayensa da toka. Na ji gwangwani ya faɗi ƙasa, na ce daga ɗaki, "Ka fara ke nan." Bai amsa ba. Kafin azahar hadari ya haɗu, aka yi ruwan ƙarshe na shekara, aka kai shi makwancinsa ƙasa tana jiƙe.

Mutane sun zo, Allah ya saka musu. Liman ya ce sahun farko ya yi giɓi. Manoman tattasai da muka taso tare daga bakin kogin Komadugu suka ce babu mai hannun dashe irin nasa. Ƙanwarsa ta yi ta kuka da Barbarci har muryarta ta dushe. Ni ina zaune a kan tabarma ina ta cewa amin, ban san abin da nake amsawa ba.

Ranar uku wata mata ta shigo da ba wanda ya san ta. Ta ce daga sansanin 'yan gudun hijira na Sayam ta zo, a bayan mota. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ni ko sunansa ban sani ba. Na ji an ce tsoho mai gato ya rasu, na kasa zama." Ta ce shekarar da suka ƙetaro kogi daga Najeriya, kafin a kwashe su zuwa sansani, ɗiyarta ta kwana biyu ba ta karɓar komai, ko ruwa sai da dabara. Wani tsoho ya bi layinsu da faranti, ya miƙa wa yarinyar wani ɗan abu mai ɗumi mai ƙamshin citta, ta karɓa ta ci. Yarinyar yanzu ta isa aure. Ni na tuna ranar. Faɗa na yi masa don ya fitar da rabon gida waje.

Amininsa kuwa, wanda gonarsu take gefe da gefe a ƙauye, sai da aka watse ya tashi. Da zai tafi ya tsaya bayan zana ya ce, "Uwargida, ya yi na bana?"

Na ce, "Bai kai ga yi ba."

Sai na ji takun sandarsa yana tafiya.

Bari in faɗi abin da ake nufi da gaton nan, don wanda bai san gidanmu ba. Maigidana manomin tattasai ne, ɗan manomin tattasai. Amma yana saurayi, wata shekarar yunwa, ya tafi birnin Yerwa ya yi aikin wanke kwanoni a gidan wani baƙo, a can ya ga yadda kuku yake gasa ƙananan gato na kabewa, irin wainar Turawan nan ta fulawa da ƙwai da sukari. Ya dawo da abin a kansa. Babu fur, murhun gashi irin na kukun, a ƙauyenmu, sai ya samo wata tukunyar ƙarfe mai faɗi, ya zuba mata yashin kogi, ya tara gwangwanayen tumatir ƙanana goma sha biyu, ya daddake bakinsu don kada su yanki hannu. Ya jera gwangwanayen a cikin yashin, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi. Garin tashi irin na butik, wato kanti, bai taɓa amfani da shi ba, nono mai tsami da ruwan kanwa yake haɗawa. Ya sa citta, kanumfari, kirfa, da ɗan garin tattasai na gonarsa, shi ne yake ba shi wannan jan. Sau ɗaya yake yi a shekara, idan kabewa ta nuna a gefen gona, kwana uku a jere, kabewa ɗaya kowace rana. Duk unguwa sai ta san kaka ta yi.

Ta dalilin kayan ƙamshin nan ma na san shi. Ubana Badamagare ne, yana da rumfa a kasuwar ƙauyensu. Maigidana, yana saurayi, ya zo sayen kirfa, ubana ya dube shi ya ce, "Kai da ba ka da mata, wa za ka yi wa kunu?" Ya ce, "Idan ka ba ni ɗiyarka sai in yi mata." Ina bayan buhuna ina ji.

To, an ba shi. Kakar farko ina amarya, ya shigo madafata ya tsuguna gaban murhu, matan gidan suna leƙe suna dariya. Wata ta ce, "Amarya ta yi sa'a, ta auri mai girki, sai ta miƙe ƙafa." Kunya ta rufe ni. Ni ɗiyar mai rumfa, mijina yana kaɗa ƙwai a gaban mata! Na ɗauki tabarmata na juya masa baya, na fuskanci katanga ina tsintar wake. Ya ce, "Zo ki gani mana." Na ce, "Ba ni da ido." Shekara ta zagayo na sake juya baya. Daga baya kunyar ta tafi, matan da suke dariya su ne suke turo kwanoninsu tun safe, amma ni na riga na saba. Ya zama wasanmu. Ya ce zo ki gani, in ce ba ni da ido. Ya gasa ya ajiye mini na farko a bayana, in kai hannu in ɗauka ban waiwaya ba. Shekara arba'in, Auta. Ko sau ɗaya ban kalli hannun ubanki yana wannan aiki ba.

Yana da maganganunsa. Idan amininsa ya zo ya gutsura, kowace shekara sai ya yamutsa fuska ya ce, "Citta ta yi yawa." Shi kuma ya ce, "Bakinka ne ya tsufa." Sannan aminin ya ci uku. Idan 'ya'ya suka matsa suna son a buɗe murfi, ya ce, "Wanda ya leƙa, nasa ne zai kwanta." Ni kuma yakan ce mini, "Ranar arba'in ɗina kada ku yi wa mutane masa. Gatona za ku raba." In ce, "To sai ka taso ka yi." Wayyo bakina. Haka nake ce masa, yana dariya.

Faɗa mafi girma da muka taɓa yi a kan yashin nan ne. Ranar da aka ce kowa ya tashi daga bakin kogi, masu bindiga sun kusa, amalanken jaki guda muke da shi. Na ɗora hatsi, na ɗora tabarmi, na koma in ɗauko kwanonin jerena da uwata ta saya mini. Na fito na tarar ya cika wurin da tukunyarsa, da yashinta a ciki, baƙi ƙirin saboda wutar shekaru. Na ce, "Yashi za mu ci a Diffa?" Ya ce, "Kwano ana sayarwa ko'ina. Wannan na gindin gonarmu ne." Na ce, "Ai Komadugun nan ce ta bi ta Diffa." Ya ce, "Ba lanƙwasar ɗaya ba ce." Na zage shi a gaban 'ya'yansa, abin da ban taɓa yi ba. Ya kora jaki. Kwanonina suna can, ko an sace ko sun yi tsatsa. Na yi kwana goma sha wani abu ban yi masa magana ba sai gaisuwa. Cikin aljihunsa kuma ashe ya ƙullo 'ya'yan kabewa a tsumma. Da muka samu wannan gida ya shuka su a bayan makewayi, inda ruwan wanka yake bi. Gonar tattasai ba mu sake ganinta ba. Kabewar nan da tukunyar nan su ne abin da ya rage masa na ƙauye.

Bana kabewa uku ya cire ya jera a ɗakinsa. Suna nan ya tafi.

Bayan sadakar bakwai, da gida ya ragu, na ce da Auta ta ɗauko mini tukunyar ubanta, arba'in tana tafe. Ta ɗauko ta da hannu ɗaya. Tun daga nan na san ba lafiya, don tukunyar nan mutum biyu suke ɗaga ta. An wanke ta fes, babu ko ƙwayar yashi.

Maƙwabciyata ce, baiwar Allah, da kyakkyawar niyya. Ranar rasuwar ruwa ya kwanta a ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, mata suna shigowa suna zamewa. Ta duba ta ga tukunya cike da baƙar ƙasa a lungu, ta ce ai datti ne, ta sa aka juye a cikin taɓon. Duk wanda ya zo mini gaisuwa a kansa ya taka. Da aka gaya mata abin da ta zubar, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Na shiga uku, ni na ga kamar toka ce." Na tashi daga wurin. Na shiga ɗakinsa na kwanta kusa da kabewoyin nan, na yi kukan da ban yi ranar da aka fita da shi ba.

Ɗana babba ya ce, "Inna, yashi ne fa. Bari in je bakin kogi in ɗebo miki buhu." Ya manta, ya daɗe a gari. Da kaka Komadugu a cike take, yashinta yana ƙarƙashin ruwa, sai rani idan ta janye ake ɗiba. Ya je ya dawo da laka a ƙafa. Ni kuma ina takaba, ko zaure ba na wucewa.

Sai na ce a kawo rairayin ƙofar gida. Na yanka kabewa ta farko, na dafa, na haɗa komai da ka, yadda nake zato. Idona ma yanzu hazo yake gani. Rairayin gari laushi gare shi, yana ɗaukar zafi nan take ya kuma sake nan take. Gindin ya ƙone ƙurmus, cikin ɗanye kamar kunu, kanwa ta yi yawa har yana ɗaci. Ko awaki sun sunsuna sun bar shi.

Auta ta ce, "Inna, bari in gwada." Ta ɗauki kabewa ta biyu ta tafi gidan abokiyar aikinta mai fur na gas, suka duba cikin waya, suka sa garin tashi na butik. Ta dawo da su a faranti, sun tashi, sun yi kyau, fari-fari. Na kai hanci. Ƙamshin gaton biki ne, babu hayaƙi, babu ja, babu shi a ciki. Jikokina suka ci suka ce, "Kai, irin na Kaka!" Wannan kalma ta fi mini zubar da yashin ciwo. Kwana ashirin kacal, har bakinsu ya manta. Na ce a raina, idan na mutu, abin da za su riƙa kira nasa ke nan, su ba 'ya'yansu, su ce haka kakanku yake yi. Shi kuwa ba shi da hoto sai na katin ɗan ƙasa, ba shi da gona, ƙauyensa babu kowa. Idan ɗanɗanon nan ya ɓace, da me za a san ya zo duniya?

Saura kabewa ɗaya.

Washegari da safe na ɗauki tsintsiya da faifai da rariya na je ƙofar nan na durƙusa. Taɓon ya bushe ya yi tauri. Na riƙa kankarewa da murfin gwangwani. Idona ba ya rabe baƙi da fari sosai, amma yatsuna sun sani: na kogi gautsi gare shi, yana da ƙwaya, na gari kuwa kamar gari yake. Na daka ɓarɓashin a hankali, na tankaɗe, laushin ya zube, mai ƙwayar ya tsaya.

Ƙanwarsa ta fito ta gan ni ta ce, "Matar yaya, kina takaba kina wasa da ƙasa a bakin ƙofa? Mutane za su ce kin taɓu."

Na ce, "Su ce."

Ta ce, "Ƙasar da duk gari ya taka da takalmi!"

Na ce, "Gaisuwarsa suka zo. Kuma wuta za ta ci."

Ta tsaya tana kallona. Can ta koma ɗaki, ta fito da nata faifan, ta zauna tana gunaguni. Maƙwabciyar ma ta shigo, ta karɓi rariya. Kwana huɗu muna yi. Muka wanke shi ruwa uku, muka shanya a kan buhu. Da muka juye a tukunya, ko rabi bai kai ba. Sauran ya bi tafin ƙafar mutane ya watsu a Diffa.

Ranar arba'in, tun da sassafe, Auta ta hura wuta, ta jera kaya ta ce, "To Inna, kofi nawa na fulawa?" Na dubi kwanon na dubi kofin shayinsa, kaina fayau. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Sukari fa?" Ban sani ba. Ta ce, "Shekara arba'in kina wurin!" Ta faɗa da zafi, sannan ta rufe bakinta. Gaskiya ta faɗa. Na kasa kallonta, na kasa kallon tukunyar. Na ja tabarmata na juya na fuskanci katanga ina kuka, ina cewa ya yafe mini.

Ina nan a haka, ita kuma don kada ta zauna haka nan, ta ɗebi fulawa da kofin ta juye, ta buga kofin a bakin kwano don ragowar ta sauka. Ƙwas. Ta sake. Ƙwas. Ta sake. Sai ta ajiye kofin.

Bakina ne ya yi magana, ban shirya ba. Na ce, "Saura ɗaya."

Ta ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Huɗu yake bugawa. Sannan shiru, sannan biyu masu nauyi, na sukari ke nan."

Ashe duk yana kunnena. Na ce mata kada ta yi mini magana, ta yi aiki kawai, ni ma ba zan juyo ba. Ta sa kayan ƙamshi a ɗan turminsa gaba ɗaya, na ce a'a, kanumfari yake fara dakawa shi kaɗai, yana ƙara kamar tsakuwa, sai ya yi shiru sannan citta ta shiga, kirfa a ƙarshe. Ta fasa ƙwai biyu, na ce akwai na uku. Ta kaɗa da maburgi ta tsaya, na ce ba ki kai ba, nasa sai ƙarar ta yi kauri ta daina fallatsa. Ta zuba ruwan kanwa a nono, na ji ya yi shuu ya daɗe, na ce ya yi yawa, zubar ki sake, nasa ɗan gajeren numfashi yake yi. Da ta yayyafa ruwa a kan yashin don ta ji zafinsa, ya yi cas, irin wannan cas ɗin dai. Kamar in na waiwaya zan gan shi tsugune da hularsa a ƙeya.

Gwangwani bakwai kaɗai yashin ya iya riƙewa. Ta rufe, ta ɗora garwashi ta ce, "Minti nawa?" Shi bai san minti ba. Salati yake yi ƙasa-ƙasa, carbi uku, sannan in ji murfi ya motsa yana jujjuya gwangwanaye, sannan carbi biyu. Na ce ta ba ni carbinsa. Na ja yadda yake ja, da ɗan tsayawar da yake yi yana share murya. Kafin in gama na biyar ƙamshin ya cika gidan. Ƙanwarsa tana wanke shinkafa, ta saki ƙwaryar ta zauna a ƙasa.

Zubi uku muka yi kafin ƙullun ya ƙare. Zubin farko gefe ɗaya ya ɗan ƙone, don yashin ba shi da kauri. Na biyu da na uku sun fito ja-ja, kansu ya tsage kamar nasa. Auta ta ɗauki na farko, ban gaya mata ba, ta ajiye shi a bayana. Na kai hannu na ɗauka.

Guda ashirin da ɗaya ba su isa mutanen arba'in ba. Dole aka yi masa aka ƙara, Allah ya sa ya yafe mini wannan. Aka yayyanka gaton gida huɗu-huɗu. Guda ɗaya cikakke na ce a ajiye wa matar Sayam, a ba direba ya kai mata. Ɗaya kuma na amininsa.

Bayan an yi addu'a an shafa, na ji sandarsa ta tsaya bayan zana. Auta ta miƙa masa. Na ji yana taunawa a hankali, haƙoransa sun ƙare. Ya haɗiye. Sannan ya ce, da wata irin murya, "Citta ta yi yawa."

Yana tsaye yana jira, kowa ya san abin da yake jira, mai ba shi amsa kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Mai takaba ba ta wasa da maza. Amma na kasa barinsa a tsaye haka.

Na ce, "Bakinka ne ya tsufa."

Tsohon nan ya fashe da kuka kamar yaro, har sai da ɗana ya riƙe shi ya zaunar.

To, Auta, rubuta wannan da manyan baƙaƙe. 'Ya'yan kabewa ta uku na shanya su, suna ƙulle a tsummansa, ki shuka bayan makewayi idan damina ta faɗi ko ba na nan. Kofi huɗu, kofi biyu, ƙwai uku, carbi uku da biyu, kin rubuta, amma takarda ba ta da kunne, ki zo mu sake yi tun ina ji. Yashin kuwa kowace wuta rage shi take yi. Ina roƙon duk wanda aka karanta wa wannan, idan Allah ya kawo lafiya ƙasar nan, kogi ya janye, ƙafarka ta kai lanƙwasar da ke gabas da tsohon ƙauyenmu, gindin gonar da ke da tsamiya biyu, ka ɗebo mini ko cikin hula ne. Ni na san ba zan sake ganin wurin ba.

Ya Allah, bawanka ya ciyar da wanda bai sani ba. Ka ciyar da shi daga abin da ke wurinka, ka sanyaya masa ƙasar da yake kwance, ka yafe masa, ka yafe mini bayan da na juya masa. Idan ka haɗa mu, ya ce zo ki gani, wallahi zan juyo.